Magajiyar Kaska a Ƙarƙashin Layar Duna

Ga wata nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma.

To, ku matso. Masu tsokanar karen nan su bari, don labarin kakansa zan ba ku.

A wani ƙauyen maharba da ake kira Tungar Kanya, an yi wani maharbi, sunansa Ɗantsoho. Yana da 'ya ɗaya, Yalwa. Yana da baƙin kare, Duna. Yana kuma da kyanwa, Kwalliya, wadda ba ta da aiki sai lasar jiki da kwanciya a gindin randa.

Mutanen Tungar Kanya suna da wata al'ada. Ranar da kare ya fara fita farauta, ubangidansa zai ɗinka masa laya a jikin fata, ya ɗaura masa a wuya, ya ƙulle tamau. Daga ranar, babu hannun da zai kwance ta sai nasa. In ubangidan ya mutu, shi ke nan, laya ta zauna har kare ya mutu da ita. Suna cewa in wani ya kwance, karen zai fita neman ubangidansa a daji, ba zai ƙara dawowa ba. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Babu. Amma kowa rantsuwa yake yi cewa haka ne.

Ana nan, ana nan, Ɗantsoho ya kwanta ciwo, ya rasu. Ya bar wa Yalwa gida, da jakar farauta a rataye, da kare, da kyanwa. Yalwa tana son Duna ƙwarai. In ta dube shi, sai ta ga kamar babanta yana nan bayan gida, yanzu zai shigo.

Sai bazara ta shigo. Zafi ya sauka. Ƙasa ta ƙi takuwa, inuwa ta yi tsada. Kullum da rana Duna sai ya gangara tafki, ya kwanta cikin ciyawar da shanu ke kwanciya, don ya sami ɗan sanyi.

A cikin ciyawar nan Magajiyar Kaska take. Ta daɗe ba ta sha jini ba, ta bushe, ta koma kamar ƙwayar riɗi. Da ta ji ɗumin kare, sai ta tara 'ya'yanta.

Ta ce, "Abinci ya kawo kansa. Ku kasu uku. Kashi ɗaya ku shiga kunne. Kashi ɗaya ku shiga tsakanin yatsu. Kashi ɗaya ku bi shi har gida, ku sauka, ku shige tsagin bango ku yi ƙwai."

Suka ce, "Ke fa, Inna?"

Ta ce, "Ni na san mutanen garin nan. Akwai inda hannunsu ba ya zuwa."

Ta rarrafa, ta rarrafa, ta shige ƙarƙashin laya. Ta kafa bakinta a wuyan Duna, ta soma sha. In ta ƙoshi sai ta yi waƙa ta hanci, don bakin a cike yake:

Na hau doki ba linzami,
Na sha jini ba ƙoƙo,
Layar maharbi rumfata,
Wa zai ɗaga, wa zai duba?

Kwana bakwai, Duna ya soma susa. Kwana bakwai kuma, ya bar haushi. Kwana bakwai na uku, ya ƙi tuwo, haƙarƙarinsa suka fito, dasashinsa ya yi fari. Yalwa ta duba kunnensa, ta ga kaska jere. Ta yi abin da kowa ke yi a garin. Ta fizge su da farce, ta jefa bayan danga. Kawunansu suka zauna cikin fata, kunnen ya kumbura. Waɗanda ta jefar kuwa suka karkaɗe jiki, suka rarrafo suka dawo gida.

Kwalliya tana gindin randa tana kallo. Ta ce, "Duna, ƙazanta ce ta ja maka. Kowane juji ka kwanta, kowane taɓo ka shiga. Dube ni. Sau goma nake wanka a yini."

Duna ya juya mata baya, ba shi da ƙarfin faɗa.

Labari ya kai kunnen Sarkin Baka, shugaban maharban garin. Ya zo da sandarsa, ya tsaya daga nesa, ya dubi Duna.

Ya ce, "'Yata, karen nan ya gama. Kuma abin da ke jikinsa zai bi sauran karnukanmu. Na ba ki kwana uku. In bai miƙe ba, ranar ta uku da la'asar za mu zo da igiya, mu kai shi bayan dutse mu baro shi."

Yalwa ta durƙusa, ta ce, "Baba, shi kaɗai ya rage mini daga babana."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ce uku, ban ce yau ba."

Rana ta fari, Yalwa ta ɗauki tulu cike da ruwan rijiya ta gangara tafki. Ta tarar da Carki, tsuntsun nan mai jan baki, yana bisa gadon bayan wani bijimi yana cire masa kaska.

Ta ce, "Sannu da aiki, Carki. Ka koya mini sana'arka."

Carki ya ce, "Maƙogwarona ya bushe, ruwan tafki ya koma taɓo. Me za ki ba ni?"

Ta zuba masa ruwan rijiya a kasko. Ya sha, ya sha, ya goge bakinsa a ƙahon bijimin.

Ya ce, "Ku mutane gaggawa gare ku. Ba a fizgar kaska. Ki kama ta dab da fata, inda kanta ya shiga. Ki ja a hankali, ki ja a miƙe, kada ki murɗa. In ta fito, kada ki fasa ta da farce, kada ki jefa ta ƙasa. Wuta za ki ba ta."

Yalwa ta koma gida. Ta sauko da jakar babanta, ta zaro hantsakin da yake cire ƙaya da shi. Ta hura garwashi a kasko. Ta bi kunnen dama, ta bi kunnen hagu, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta kama, ta ja a hankali, ta jefa wuta. Ta kama, ta ja, ta jefa. Ta wanke wuraren da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sannan ta wanke hannunta. Ta ce a ranta, an gama.

Da gari ya waye, sai ga sababbi a kunnen Duna. Kuma sai ga Kwalliya tana ta juyi a tsakar gida, tana miƙa harshe, tana miƙa wuya. Wata kaska ta kama ta a ƙeya, inda harshe ba ya kaiwa.

Duna ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Sau nawa ma kika ce kina wanka?"

Kwalliya ta yi kamar ba da ita yake ba.

Rana ta biyu, Yalwa ta ɗebi gero a ƙwarya ta nufi bayan gari. Ta tarar da Zabuwa da 'yan'uwanta suna tono.

Ta ce, "Sannu da kiwo, Zabuwa. Na cire kaska jiya, yau sun dawo. Daga ina suke fitowa?"

Zabuwa ta ce, "Ƙurƙet, ƙurƙet. Bazara ta cinye mana tsaba. Me za ki ba mu?"

Ta watsa musu gero. Suka ci, suka ci, suka karkaɗe fukafukai.

Zabuwa ta ce, "In kin ga ɗaya a jikin kare, ɗari na ƙasa suna jiran nasu rabon. Ki yanke ciyawar gindin danga. Ki share tsakar gida. Ki ƙone tsumman da yake kwana a kai. Ki kwaɓa ƙasa ki yaɓe kowane tsagi na bango da na rumbu. Sauran ki bar mana, ki dai buɗe mana ƙofa."

Yalwa ta yi haka. Ta yanke, ta share, ta ƙone, ta yaɓe. Ta buɗe ƙofa, zabi suka shigo a jere, suka bi gindin danga suna tsince kaska har maƙoshinsu ya cika. Ta cire ta ƙeyar Kwalliya da hantsaki. Sannan ta tafasa ganyen darbejiya, ta bari ya huce, ta wanke Duna da shi tun daga kai har wutsiya. Ta zagaye laya dai, ba ta taɓa ta ba.

Ruwan ya yi saura, sai ta juyo da ƙwarya wajen Kwalliya. Kafin ta ɗaga hannu, Kwalliya ta haye bango.

Ta ce, "Uwar ɗakina, kashe ni za ki yi? Duk abin da kika zuba mini a jiki, sai na lashe shi, a cikina zai kwana. Maganin kare daban, nawa daban. Ni ki ɗauko mataji kawai, ki taje ni, ki duba da idonki."

Yalwa ta ajiye ƙwarya, ta ɗauko mataji. Kwalliya ta sauko tana yanga, ta miƙa ƙeya.

Rana ta uku ta yi. Yalwa ta duba kunne, babu kaska. Ta duba yatsu, babu. Ta duba hammata da gindin wutsiya, babu ko ɗaya. Amma Duna yana nan kwance. Ta kawo masa tuwo da romo, ya kau da kai. Ta ɗaga shi, ƙafafunsa suka lanƙwashe. Yalwa ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka, don ta yi duk abin da aka ce, kuma ga rana tana ta tafiya.

Kwalliya kuwa kunya ta kama ta saboda gorin da ta yi. Ta taso daga gindin randa, ta je ta kwanta jikin Duna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗora kanta a wuyansa. Gari ya yi tsit saboda zafin azahar. Sai ta ji wani abu, siriri, kamar kukan sauro a cikin tulu:

Na hau doki ba linzami,
Na sha jini ba ƙoƙo,
Layar maharbi rumfata,
Wa zai ɗaga, wa zai duba?

Kwalliya ta miƙe, gashinta ya tashi. Ta ruga ta gaya wa Yalwa.

Yalwa ta miƙe. Ta je ta tsuguna gaban Duna, ta ce, "Duna, in na kwance layar nan, za ka tafi ka bar ni?"

Duna ya ce, "Ban sani ba. Tun da aka ɗaura mini ita ban taɓa kwana babu ita ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Suna cikin haka la'asar ta yi. Sarkin Baka ya iso, maharba na biye da shi, ɗaya riƙe da igiya, karnukansu na bayansu.

Yalwa ta durƙusa, ta ce, "Baba, na gano ciwon. Yana ƙarƙashin laya. Ka ba ni izini in kwance."

Maharba suka hau gunaguni. Sarkin Baka ya ce, "Hannun da ya ɗaura ta yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. In kika kwance, daji zai shiga."

Yalwa ta ce, "Baba, ku da kuka zo da igiya, ina za ku kai shi?"

Ya ce, "Daji."

Ta ce, "To, in na bari, daji. In na kwance, daji. Ka bar shi ya tafi da ƙafarsa, ba a jan shi a ƙasa."

Sarkin Baka ya waiwaya. Ya dubi maharba, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya shafa gemu, ya shafa, ya ce, "Ni dai ban ce ki kwance ba. Amma idona yana ciwo yau, ba na gani sosai."

Ƙullin ya bushe, ya yi tauri kamar dutse. Yalwa ta ɗiga masa man gyaɗa, ta murza, ta murza, har ya saki. Ta ɗaga laya.

Ga Magajiyar Kaska nan. Wadda ta shigo kamar ƙwayar riɗi ta zama kamar goro, ta yi shuɗi-shuɗi, tana sheƙi. Kanta ya nutse can cikin wuyan Duna, dab da jijiya. Mai igiya ya ja da baya har ya taka wutsiyar karensa.

Yalwa ta kawo hantsaki. Magajiya ta yi dariya ta hanci, ta ce, "Ja, yarinya. Ni ba irin 'ya'yana ba ce. Ko a hankali, ko da ƙarfi, kaina a ciki zai zauna. Ya ruɓe, karenki ya mutu. Ja mana."

Yalwa ta duba, ta ga gaskiya ne. Ta sauke hantsaki, amma ba ta ajiye shi ba.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, kin ci mu. Amma an ce mini kina da waƙa, kuma ga manyan gari sun taru. Ai bai kamata su tafi ba su ji wadda ta fi ƙarfinsu ba."

Magajiya ta ƙara kumbura don daɗi. Ta yi waƙar ta hanci.

Yalwa ta ce, "Baba, ka ji?"

Sarkin Baka tsohon maharbi ne, ya san tarko in ya gan shi. Ya ce, "Waƙa aka yi? Na ɗauka sauro ne."

Magajiya ta ji haushi. Ta zaro bakinta kaɗan, ta sake yi.

Yalwa ta ce, "Baba, yanzu fa?"

Ya ce, "Na ji kamar an ce doki. Sauran bai fito ba. Wataƙila iyakar muryarta ke nan."

Magajiya ta ce, "Iyakar muryata? Ni?" Ta zaro bakinta duka, ta ɗaga kai sama, ta wage:

Na hau doki ba linzami,
Na sha jini ba...

Caraf, hantsaki ya kama ta a wuya. Yalwa ta ɗaga ta, ta ce, "Kin tambaya wa zai ɗaga, wa zai duba. Ni ce." Ta sake ta cikin garwashi. Aka ji tas, wani baƙin hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Yalwa ta wanke wuyan Duna da ruwan gishiri. Wurin ya yi ja, gashin ya zube, amma babu abin da ya saura a ciki. Duna ya ja dogon numfashi. Ya motsa ƙafa ɗaya. Ya motsa ta biyu. Ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi ƙofar gida.

Maharba suka ce, "Mun faɗa."

Yalwa ba ta kira shi ba. Ta riƙe layar da hannu biyu. Duna ya kai bakin ƙofa. Ya tsaya. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iskar daji, can wajen da suke farauta shi da Ɗantsoho. Ya daɗe a tsaye, har Kwalliya ta manta da lasar jiki.

Sai ya juyo. Ya wuce maharba, ya wuce mai igiya, ya je kan kaskon tuwon da ya ƙi da safe, ya cinye shi tas, ya lashe romo. Sannan ya zo gaban Yalwa, ya tura layar da hanci, ya miƙa mata wuya.

Ya ce, "Yanzu na sani. Ɗaura mini, uwar ɗakina."

Yalwa ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Sai wuyan ya warke." Da ya warke kuwa ta ɗaura da hannunta, sakwa-sakwa, yadda yatsu biyu za su shiga su fita.

Amma ban gama muku na ranar ba. Sarkin Baka ya daɗe yana kallon garwashin nan. Sai ya kira nasa karen, ya tsuguna, ya kwance layar da ya ɗaura shekara shida da suka wuce. Abin da ya gani a ƙarƙashi, bai bari kowa ya leƙa ba. Ya dai miƙa hannu ya ce, "'Yata, ara mini hantsakin nan."

Sauran maharba kowa ya kira nasa. Har rana ta faɗi ana jin tas, tas, tas a gidan Yalwa, zabi na zagaye, Carki na bisa danga yana gyara musu riƙo, yana cewa, "A hankali, a miƙe."

Daga ranar aka sake al'ada a Tungar Kanya. In bazara ta shigo, kowace Juma'a a kwance laya a duba ƙarƙashi, a duba kunne, a duba yatsu. A yanke ciyawa, a yaɓe tsagi. Kare a yi masa wanka, kyanwa a taje ta. Kare marar ubangida kuwa, wanda ke ba shi abinci shi ne mai kwance masa laya.

Sai dai wasu 'ya'yan Magajiya ba su bi Duna gida ba, sun saura a ciyawar tafki. Shi ya sa har yau, da zafi ya sauka, sai jikokinta su hau kan ciyawa suna jiran doki. Shi ya sa kuma in kyanwa ta zo tana goga muku ƙeya a ƙafa, ba shagwaɓa kawai take yi ba, cewa take yi ku duba mata inda harshenta ba ya kaiwa.

Kun dai ji. Dabbar da kuke ci da ita gida ɗaya, hakkinta na wuyanku, kuma wurin da kowa ke tsoron dubawa, nan cuta ta fi son zama. Gobe da safe ina so in ga kunnen karen nan a duba, kafin kowa ya sha koko.

Ƙurunƙus, kan kaska ya faɗa wuta. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je Tungar Kanya ya tambayi zabi.